Biwa da Shomiyo: Yadda Molon Makafin Japan Ya Gaji Muryar Haikali

Gabatarwa

A cikin kayan kiɗan gargajiya na ƙasar Japan akwai wani irin molo da ake kira biwa, a cikin ayyukan ibadar mabiya addinin Buddha na ƙasar kuma akwai wata irin rerawa da ake kira shomiyo. Wanda ya hango su daga nesa zai zaci babu abin da ya haɗa su, domin biwa katako ce da tsirkiya, ta yi zamanta a fada da kasuwa da bakin hanya, shomiyo kuwa murya ce tsantsa wadda sufaye, watau masu zuhudu na wannan addini, ke ɗagawa a cikin haikali. Amma a ƙarni na 13 abubuwan nan biyu sun haɗu a hannun makafi, daga haɗuwarsu aka sami fasahar da ake kira heikyoku, wadda ta riƙe labarin wani babban yaƙin basasa a zukatan mutanen Japan har na tsawon shekara wajen 600. Manufar wannan lacca ita ce bayyana asalin kowannensu, da dalilin haɗuwarsu, da kuma abin da ya sa ɗaya ya dawwama ɗaya ya kusa ɓacewa.

Asalin Shomiyo

Addinin Buddha ya faro ne a Indiya, ya bi ta ƙasar Sin, sa'an nan ya isa fadar Japan daga masarautar Paekche ta Koriya a tsakiyar ƙarni na 6. Littattafan tarihin Japan sun saɓa game da shekarar, wasu sun ce 538, wasu 552. Tare da littattafan addinin aka shigo da hanyar rera su. Kalmar shomiyo fassara ce ta wani suna na harshen Sanskirit mai ma'anar ilmin sauti, wanda a Indiya ya ƙunshi nahawu da furuci. Da tafiya ta yi nisa sai Japanawa suka taƙaita ma'anar ga rera nassi a lokacin ibada.

A shekarar 752 aka yi gagarumin biki a birnin Nara, babban birnin ƙasar a wancan zamani, domin buɗe mutum-mutumin Buddha na tagulla mai tsayin mita wajen 15 a haikalin Todaiji. Wani sufi ɗan Indiya mai suna Bodhisena ne ya jagoranci buɗewar, sufaye wajen 10,000 suka hallara, aka rera baituka iri huɗu a jere: na buɗe taro, wanda ake ja a hankali domin jama'a ta natsu, da na watsa furanni, da na yabon muryar Buddha, da wanda ake yi ana kaɗa sanda mai zobba. Wannan tsari na huɗu ya zama ginshiƙin manyan bukukuwan ibada tun daga lokacin.

Reshe biyu da suka fi shahara sun kafu ne a ƙarni na 9. A shekarar 804 sufaye biyu, Saicho da Kukai, suka tafi Sin neman ilmi. Saicho ya dawo ya kafa ɗariƙar Tendai a dutsen Hiei da ke gefen Kyoto, Kukai kuwa ya kafa ɗariƙar Shingon, wadda ta yi mazauni a dutsen Koya daga 816. Almajirin Saicho mai suna Ennin ya zauna a Sin daga 838 zuwa 847, shi ne kuma ya kawo yawancin rerawar da Tendai ta gada. Bayan shekaru, wani sufi mai suna Ryonin, wanda ya rasu a 1132, ya tattara waɗannan rerawa da suka warwatsu a hannun malamai daban-daban, ya daidaita su a wani ƙauye mai suna Ohara, arewa da Kyoto. Ya kamata a riƙe sunan wannan ƙauye, domin zai sake fitowa a gaba.

Yadda Ake Rera Shomiyo

Nassin shomiyo yana cikin harsuna uku. Akwai na Sanskirit, wanda ake furtawa yadda ya iso ta bakin mutanen Sin, akwai na Sinanci, akwai kuma na Japananci. Galibi murya kaɗai ake amfani da ita, sai fa ƙararrawa ko wani ƙarfe da ake bugawa domin nuna farko da ƙarshe. Jagora yakan ɗauko baiti shi kaɗai, sauran sufaye su karɓa da murya ɗaya.

Abin da ya fi bambanta wannan rerawa da waƙa irin wadda aka saba ita ce yadda ake jan gaɓa. Akan ɗauki gaɓa guda a yi ta juya wasalinta, ana hawa ana sauka, har numfashi ya ƙare a sake wani, ta yadda mai sauraro ba zai iya haɗa kalmar ba sai in ya riga ya san ta. Wannan juyi ba da ka ake yinsa ba. Akwai ƙananan salo masu sunaye, alal misali yuri, watau kaɗa murya a kan sauti ɗaya, kuma kowane baiti jerin waɗannan salo ne da aka ɗinka wuri guda. Sautukan asali biyar ne, an kuwa gina su a kan ma'auni biyu da aka aro daga Sin, ryo da ritsu. Domin taimakon hadda, sufaye suka ƙirƙiro alamomin rubutu da ake kira hakase, layuka ne miƙaƙƙu da lanƙwasassu da ake ja a gefen harafi su nuna inda murya za ta nufa. Wani littafin shomiyo da aka buga da ɗab'i a dutsen Koya a 1472 yana cikin littattafan kiɗa bugaggu mafi tsufa da suka rage a duniya. Duk da haka alamomin tunatarwa ce kawai, ba sa isar wanda bai ji rerawar daga bakin malami ba.

Akwai wani reshe da ya fi sauran muhimmanci ga wannan bayani, shi ne koshiki. Wannan wa'azi ne cikin Japananci, mai bayyana rayuwar Buddha ko falalar wani waliyyinsu, domin talakawan da ba su jin Sinanci. Sufi Genshin, wanda ya rayu daga 942 zuwa 1017, yana cikin waɗanda suka faro shi, Myoe kuma ya rubuta shahararrun guda huɗu a 1215. Mai karanta koshiki yana da matakan murya uku. Yakan fara da na ƙasa, shoju, inda yake ba da labari kamar mai magana, ya hau na tsakiya, niju, in zance ya ɗauki zafi, sa'an nan a wurin da ya fi taɓa zuciya ya kai na sama, sanju, ya ja kalmomi har jama'a su yi kuka.

Zuwan Biwa

Ita kuwa biwa baƙuwa ce daga yamma. Asalinta yana komawa ga molayen Farisa da tsakiyar Asiya, kakanta ɗaya da udu na Larabawa. Ta bi hanyar fataken siliki zuwa Sin, inda ake kiranta pipa, daga nan ta ƙetara teku a ƙarni na 7 ko na 8. Shaidar wannan doguwar tafiya tana nan a taskar Shosoin ta haikalin Todaiji, inda aka ajiye kayan Sarki Shomu bayan rasuwarsa a 756. A cikinsu akwai biwa mai tsirkiya biyar da aka yi wa ado da ɓawon kifin teku mai sheƙi, a fuskarta an zana mutum a kan raƙumi yana kaɗa molo, alhali kuwa babu raƙumi a Japan.

Biwa tana da jiki mai siffar ƙwai da aka raba tsaye, an sassaƙa bayanta daga katako mai ƙarfi, an rufe fuskarta da falle na katako, ba da fata ba. Wuyanta gajere ne, kansa ya karye baya. Tsirkiyoyinta na siliki ne, yawanci huɗu, a kan wuyan kuma akwai 'yan katakai dogaye da ke tsaida sauti. Ba da yatsa ake kaɗa ta ba, da wani faffaɗan katako ne mai suna bachi. A fada ta shiga ƙungiyar kiɗan sarauta da ake kira gagaku, inda aikinta shi ne share tsirkiyoyi a farkon kowane zagaye domin daidaita tafiyar masu busa. Wani bafade mai suna Fujiwara no Sadatoshi ya bi tawagar 838 zuwa Sin, wadda Ennin ma ya bi, ya koyi kiɗan biwa a can, ya dawo a 839 da wasu kiɗe-kiɗe da aka mayar sirri, ba a koya wa kowa sai wanda ya ƙware.

A wajen fada akwai wasu masu biwa dabam. Tun ƙarni na 10 rubuce-rubuce suka fara ambaton makafi masu aske kai da sa tufafin sufaye, suna yawo da biwa suna rera nassi da labarai domin samun abinci. Ana kiransu biwa hoshi, watau sufayen biwa. Yawancinsu ba su shiga ɗariƙa sosai ba, amma sukan raɓi manyan haikali domin samun kariya, a nan ne kunnensu ya sha shomiyo da koshiki.

Yaƙin da Ya Haɗa Su

Daga 1180 zuwa 1185 gidaje biyu na mayaƙa suka gwabza a kan mulkin ƙasa, gidan Taira, wanda ake kuma kira Heike, da gidan Minamoto, wanda ake kira Genji. Shugaban Taira, Kiyomori, ya riga ya danne fada, ya aurar da 'yarsa ga sarki, ya ɗora jikansa Antoku a kan karaga tun yana jariri. A farkon yaƙin rundunar Taira ta ƙone haikalin Todaiji, mutum-mutumin nan na 752 ya lalace. Kiyomori ya mutu da zazzaɓi mai tsanani a 1181, daga nan al'amarin gidansa ya yi ta ja da baya, har aka yi karon ƙarshe a kan ruwa a Dan-no-ura a 1185. Da suka ga babu mafita, kakar Sarki Antoku ta rungume shi, yana ɗan shekara 6, ta faɗa teku da shi, manyan gidan da yawa suka bi su.

A imanin Japanawan wancan zamani, wanda ya mutu cikin baƙin ciki da ƙullaci ruhinsa ba ya kwanciya, yakan jawo annoba da bala'i. 'Yan watanni bayan Dan-no-ura aka yi mummunar girgizar ƙasa a Kyoto, mutane suka ce fushin matattun Taira ne. Saboda haka kwantar da waɗannan ruhohi ya zama al'amarin ƙasa. Shugaban ɗariƙar Tendai, Jien, wanda ya rayu daga 1155 zuwa 1225, ya kafa wurin ibada musamman domin yi wa matattun yaƙe-yaƙe addu'a. Marubuci Yoshida Kenko ya ruwaito a littafinsa Tsurezuregusa, wajen 1330, cewa wani tsohon bafade mai suna Yukinaga, wanda Jien ya riƙe, shi ya rubuta labarin Heike ya koya wa wani makaho mai suna Shobutsu ya rera. Masana na ganin littafin ya bi ta hannaye da yawa kafin ya cika, amma ruwayar ta nuna inda aka ɗauka an haife shi: tsakanin malamin fada, da haikalin Tendai, da makaho mai biwa.

Labarin Heike yana bin ɗaukaka da faɗuwar gidan Taira, jigonsa kuwa koyarwar Buddha ce cewa babu abin duniya mai ɗorewa. Waɗanda aka ci da yaƙi su ne ya fi tausaya wa. A ciki akwai mayaƙin Minamoto, Kumagai Naozane, wanda ya kashe saurayi Atsumori sa'ar ɗansa, ya sami sarewa a jikinsa, nadama ta kai shi ga shiga zuhudu. Babin ƙarshe kuma yana ƙauyen Ohara, cibiyar shomiyon Tendai, inda uwar Antoku, Kenreimon-in, wadda aka tsamo daga teku da rai, ta ƙare kwanakinta a haikalin Jakkoin tana yi wa danginta addu'a. Ambaton matattu da sunayensu da yadda suka mutu, a ganin masu sauraro, wani nau'i ne na biyan haƙƙinsu. Wannan tunani ne ya haifi tatsuniyar makaho Hoichi, wanda fatalwar Taira suka riƙa gayyata da dare ya rera musu labarin halakarsu, tatsuniyar da Lafcadio Hearn ya yaɗa a duniya da littafinsa Kwaidan na 1904.

Abin da Biwa Ta Aro

Idan aka saurari heikyoku za a tarar da ginin koshiki a cikinsa. Mai rerawa yana da jerin salo masu sunaye, kowane yanki na labari an ware masa nasa. Kudoki shi ne na ba da labari, gaɓa ɗaya sauti ɗaya, a ƙasa-ƙasa. Shirakoe magana ce ba rauji. Hiroi na fagen fama ne da lissafa makamai da sunayen jarumawa, yana da sauri da ƙarfi. Ga kuma shoju da sanju, da sunayensu na haikali, sanju kuwa ana ajiye shi ne domin wurin rabuwa, ko mutuwa, ko kwatanta wata da dare, inda ake jan wasali kamar yadda sufaye ke yi.

Biwar Heike ta fi ta fada ƙanƙanta domin sauƙin ɗauka, tana da tsirkiya huɗu da katakan sauti biyar. Abin lura shi ne ba ta cika tafiya tare da murya ba. Makaho yakan kaɗa ɗan gajeren kiɗa kafin ya buɗe baki, kiɗan ya ba shi sautin da zai fara da shi, ya kuma sanar da jama'a salon da ke tafe, sa'an nan biwa ta yi shiru murya ta ɗauka. Watau ta karɓi matsayi mai kama da na ƙararrawar haikali, mai buɗewa da rufewa. Daga kiɗan fada ta gaji hanyar ɗaura tsirkiya da riƙo, daga haikali kuma ta gaji tsarin murya.

Ƙungiyar Makafi

A ƙarni na 14 masu rera Heike suka haɗu cikin ƙungiya mai suna Todoza. Babban jigonta shi ne Akashi no Kakuichi, wanda a 1371, 'yan watanni kafin rasuwarsa, ya sa aka rubuta labarin daga bakinsa domin kada almajirai su yi jayayya a bayansa. Wannan nassi, mai littafi 12 da babi na musamman a ƙarshe, shi ne aka fi karantawa har yau. Ƙungiyar tana da manyan muƙamai huɗu, kengyo a sama, sai betto, da koto, da zato, an kuma rarraba su zuwa matakai 73.

Gwamnatin shogun na gidan Tokugawa, watau sarakunan yaƙin da suka riƙe mulki daga 1603, ta amince wa Todoza ta yi hukunci a kan 'ya'yanta, ta ba ta damar ba da rance, ta kuma sa heikyoku cikin bukukuwan tunawa da shogun da suka mutu. Amma talakawa sun riga sun juya ga shamisen, wani molo mai tsirkiya uku da ya shigo daga tsibiran Ryukyu wajen 1560, wanda makafin biwa da kansu suka fara kaɗawa da irin bachinsu. Heikyoku ya koma abin manya. A 1776 Ogino Kengyo ya tsara littafin Heike Mabushi a Nagoya, mai yanki wajen 200 da alamomin murya.

A tsibirin Kyushu kuwa akwai wasu makafi, moso, da suka ƙi shiga ƙarƙashin Todoza. Aikinsu shi ne bi gida-gida a wasu lokuta na shekara, su zauna gaban murhu su rera nassin ubangijin ƙasa da biwa domin tsarkake madafa da neman albarkar gona, kamar yadda masu gidajen suka yi imani. Daga biwarsu aka sami sababbin iri biyu. Biwar Satsuma, wadda ake danganta farkonta ga basarake Shimazu Tadayoshi a ƙarni na 16, ta mayaƙa ce, bachinta faffaɗa kamar mafici, ana dukan fuskar katako da shi. Biwar Chikuzen ta fito a Fukuoka a shekarun 1890, muryarta ta fi taushi, mata da yawa suka rungume ta.

Bayan 1871

A 1868 mulkin shogun ya faɗi. Sabuwar gwamnatin Meiji ta raba addinin Shinto da na Buddha, aka rushe haikali da dama, a 1871 kuma aka soke Todoza. Masu heikyoku suka rasa albashi da muƙami da wurin rerawa a lokaci guda. A Nagoya makafi masu koyar da kiɗan koto da shamisen suka ci gaba da riƙe shi a gefe, amma yana raguwa daga malami zuwa almajiri, har Imai Tsutomu, wanda aka haifa a 1958, ya gaji yanki 8 kacal daga cikin 200. Wani reshe na masu gani, wanda ya fito daga yankin Tsugaru, ya dogara ga littafin Ogino, Tateyama Kogo kuma ya riƙe shi har rasuwarsa a 1989. Yamashika Yoshiyuki na Kumamoto, wanda ake kira biwa hoshi na ƙarshe, ya rasu a 1996.

Biwar Satsuma da ta Chikuzen sun yi tashe a farkon ƙarni na 20, amma da yake an cika su da waƙoƙin kishin ƙasa da yaƙi, sai suka faɗi warwas bayan 1945. Farfaɗowarsu ta zo ta wata hanya dabam. A 1967 Takemitsu Toru ya tsara kiɗan November Steps domin ƙungiyar makaɗan New York Philharmonic, inda Tsuruta Kinshi ta kaɗa biwa, Yokoyama Katsuya ya busa sarewar gora, duniya ta ji amon da yawancin samarin Japan ma ba su sani ba. Shekara guda kafin haka, a 1966, sabon Gidan Wasan Ƙasa na Tokyo ya gayyaci sufaye suka rera shomiyo a kan dandamali.

Kammalawa

Idan aka auna ƙarshen abubuwan nan biyu za a ga bambancin yana ga wanda ke bukatarsu. Shomiyo ya sha wuya a zamanin Meiji, amma kowane sabon sufi na Tendai ko Shingon dole ne ya koye shi kafin ya jagoranci ibada, saboda haka sarƙar malami da almajiri ba ta tsinke ba. A Todaiji, bikin Shunie da aka fara a 752 ana yinsa kowace shekara a watan Maris, da rerawarsa, duk da gobarar da haikalin ya sha. Heikyoku kuwa ya rataya ne ga ƙungiya da gwamnatin da ta ɗaure mata gindi, da ta faɗi sai ya bi ta. Nassin Kakuichi yana nan cikakke, yaran makaranta a Japan suna haddace farkonsa, littafin Ogino ma yana nan da alamominsa. Abin da ya ragu daga 200 zuwa 8 shi ne wanda takarda ba ta ɗauka, watau yadda ake jan numfashi da karya murya, wanda sai daga baki zuwa kunne yake wucewa. A kan waɗannan yankuna takwas da faya-fayan da aka ɗauka ne masana da makaɗan Japan suka dogara wajen ƙoƙarin maido da sauran.